Muhawara: Me ya sa fim ɗin aljanu na gida ba ya hana mu barci?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a nan akwai masu kallo na gaske. Mu mutane ne da muka tashi da labarin aljani tun muna goye. Ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla. Ba a barin yaro a waje da almuru. Ba a yada zango a gindin tsamiya da rana tsaka, ba a waƙa a banɗaki. Da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ba da labarin wadda ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya ta tashi da wata murya ba. Da wannan arziki a hannunmu, kamata ya yi fim ɗin tsoro na Hausa ya fi na kowa razanarwa. Amma me ake yi? Kafin minti biyar an fito maka da aljanin. An shafe shi da farar hoda, an zizara masa ja a ido, an sa masa haƙoran roba, an ƙara wa muryarsa amo a kwamfuta, yana ta ɓaɓɓaka dariya. Daga nan fim ya mutu. A ganina, abin da ido ya ƙare wa kallo ya daina ba da tsoro. Abin da ke hana mutum fita tsakar gida da dare shi ne wanda bai gani ba, amma ransa ya ba shi yana nan. Ina son jin ta bakinku, musamman masu cewa rashin kuɗi ne, don ni ban yarda ba.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Yaya, ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Yarana ba sa iya ratsa zaure su kaɗai in an ɗauke wuta, sai an riƙa musu fitila. Amma irin waɗannan fina-finai suna ɓarar gyaɗa suke kallonsu, washegari ma ka ji suna kwaikwayon dariyar aljanin a tsakar gida. Wato zauren gidanmu da babu kowa a ciki ya fi fim ɗin ƙarfi a zuciyarsu.

Ɗan Layout: Ni dai kuɗi ne, Abban Sadik. Turawa na zuba miliyoyin daloli wajen ƙera dodo a kwamfuta har ka rantse mai rai ne. Namu kuwa a 'yan kwanaki ake ɗaukar fim, da kyamara ɗaya da janareto. Ina za a haɗa? A ba su kuɗin a gani.

Mai Kyamara Ƙofar Kaura: Ɗan'uwa, bari in shigo, tunda ɗaukar hoton biki da tace bidiyo ne sana'ata. A wannan fanni kuɗi ba su ne kan gaba ba. Paranormal Activity da aka fara nunawa a 2007, dala dubu 15 aka kashe wajen ɗaukarsa, a cikin gidan wanda ya shirya shi, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Me ke ciki? Kyamara a girke a ɗakin barci, mata da miji suna kwance, agogo na tafiya a gefen hoton. Sai ƙofa ta motsa kaɗan, ta koma. Shi ke nan, mutane suka kasa barci. Ko Jaws na 1975, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane, duk da ba na aljanu ba ne, darasinsa ɗaya. Kifin da suka ƙera yana ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ta sa aka riƙa ɓoye shi, sai kiɗa da motsin ruwa. Sai an ci fiye da sa'a guda kafin ka gan shi sosai, kuma wannan ɓoyewar ce ta ɗaga fim ɗin.

Abin da ke kashe namu abubuwa ne ƙanana da ba sa buƙatar ko sisi. A ɗauki fitowar dare da rana tsaka, a rina hoton da shuɗi a ce dare ne, alhali ga inuwar mutum a ƙarƙashin ƙafarsa. A sa kiɗa tun daga farko har ƙarshe babu hutu, kunne ya saba. Kuma a riƙa manna kyamara a fuskar ɗan wasa. Ja da baya mana! Bar mace tana wanke-wanke a tsakar gida, ƙofar ɗaki a buɗe a bayanta, cikin ɗakin baƙi ƙirin. Kada ka yanke hoton. Mai kallo da kansa zai kafa wa ƙofar nan ido yana jiran abin da zai fito, kai kuma ba ka saka komai a ciki ba.

Ɗan Layout: To in ba a nuna komai ba ai mutane za su ce an cuce su. Mai kallonmu yana son ya ga abu da idonsa.

Abban Sadik: Ban ce kada a nuna komai ba, ƙanena. A nuna sawu, a ɓoye mai sawun. Ka san labarin nan da kowa ya taɓa ji, na mutumin da ya dawo da dare ya tarar da wani a bakin hanya, yana duba ƙafarsa ya ga kofato. Ya zura da gudu, ya sami mai shayi ko wani mai tafiya, yana haki yana ba shi labari, sai wancan ya ɗage riga ya ce, irin wannan? Dubi yadda aka gina shi. Ba fuska mai ban tsoro, ba wuta, ba dariya. Ƙafa kawai. Kuma tsoron na biyu ya ninka na farko, domin wurin da ka gudu neman tsira nan ne abin yake jiranka. Wanda ya ƙirƙiri wannan labari ya fi yawancin masu shirya fim ɗinmu sanin zuciyar ɗan'adam.

Ɗan Daurama: Gaisuwa daga Daura. Mu nan muna da misali a ƙofar gida. Labarin rijiyar Kusugu, in ka cire jarumtar Bayajidda ka tsaya kan mutanen gari, labarin tsoro ne tsantsa. Gari guda, rijiya, a cikinta akwai macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ka yi tunanin uwa ranar Talata da dare, randa ta ƙafe, yaro na kukan ƙishirwa. Ta san ga ruwa can, ta kuma san abin da ke ciki. Ba za ta iya ƙaura ba, ba za ta iya haƙura ba. Tsoro na kama mutum ne idan abin yana zaune a wurin da dole sai ya je. Shi ya sa fim ɗin da ake kai samari wani kango a daji ba ya taɓa ni, don zan ce wa ya aike su? Amma rijiyar gida, banɗaki, ɗakin girki, rumbu, waɗannan kullum sai ka shiga.

Ɗalibar Hausa: Yaya Ɗan Daurama ya faɗi abin da nake son faɗa, sai dai in ƙara ta ɓangaren tatsuniya. Kakanninmu sun san dabarun nan tun kafin a ƙera kyamara. Da fari, tatsuniya sai dare. Sannan ba a tsayawa siffanta Dodo dalla-dalla, kowane yaro shi ke ƙera nasa a ransa. Ku tuna ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Ga saurayi ya zo, jiki sumul, aka ɗaura aure, suka kama hanyar garinsu. Tun a hanya ya fara mayar da kayan aro ga masu su, ɗaya bayan ɗaya, ita tana biye, gida yana ƙara nisa. Mai sauraro ya riga ya gane tun kafin ita ta gane, kuma ba shi da ikon ce mata ta juya. Wannan jira shi ne zuciyar abin.

Wani abin da fina-finanmu ke zubarwa shi ne ƙa'ida. A al'adar bori, ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, iskoki ba tarkace ba ne. Kowanne da sunansa da halinsa da kirarinsa da taken da ake kaɗa masa da garaya ko goge. Sarkin Rafi daban, Ɗan Galadima daban, Doguwa daban, Kuturu daban, har birninsu ake ambata, Jangare. An san abin da kowanne ke so da abin da ke tunzura shi. A fim kuwa aljani ɗaya ne mai yin komai: ya tashi sama, ya ɓace, ya harba wuta da tafin hannu, ba dalili. In mai kallo bai san dokar ba, ba zai ji faɗuwar gaba lokacin da aka karya ta ba. Amma in tun farko tsohuwar gida ta ce wa amarya kada ta buɗe ɗakin can bayan magariba, to duk takun da ta yi zuwa ƙofar da zuciyarmu take yin sa.

Malam Na-Rafindadi: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina da ja. Kuna ta neman hanyar da za a ƙara wa mutane tsoron aljani, alhali wanda ke cikin zukatansu ma ya yi yawa. Mace ta yi ciwon kai a ce iska, yaro ya faɗi jarrabawa a ce an yi masa asiri, kasuwa ta tsaya a nufi wurin boka. A Suratul Jinni, aya ta 6, Allah ya ba mu labarin mazaje daga mutane da ke neman tsari da mazaje daga aljanu, abin bai ƙare su da komai ba sai ƙarin wahala. Aljani halitta ne, akwai musulmi akwai kafiri, ba ya cutarwa sai da izinin Allah. Fim ɗin da zai sa musulmi ya kasa fita alwalar asuba ba abin yabo ba ne a wurina. Batun bori kuwa, 'yata, ban ga amfanin raya shi ba.

Ɗalibar Hausa: Allah gafarta Malam, ba raya shi nake nufi ba. Nazarinsa ake yi a jami'a a matsayin tarihi da al'ada. Nufina wanda zai ba da labari ya san abin da yake magana a kai.

Abban Sadik: Allah gafarta Malam, na ji maganarka kuma tana da nauyi. Amma a duba, fina-finan nan ana yin su, ana kallonsu, ba za a fasa ba. Kuma wanda ake yi yanzu shi ne ya fi ɓata fahimtar mutane, domin shi ke ba aljani ƙaho da jela da ikon da babu inda aka ce yana da shi. Abin da nake kira gare shi ya fi kusa da abin da muka karanta a islamiyya. A Suratul A'arafi, aya ta 27, an ce Shaiɗan yana ganin ku, shi da rundunarsa, ta inda ba ku ganin su. To ai maganata ke nan. Ana ganin ka, kai ba ka gani. Mai fim da ya fito da shi fili yana rawa a gaban kyamara, shi ne ya kauce.

Malam Na-Rafindadi: Wannan gaɓar na karɓa. Kuma tunda ka kawo ta, bari in ba ku abin da ya inganta, a Sahihu Muslim, daga Abu Sa'idil Khudri. Wani saurayi ne sabon aure, lokacin yaƙin Khandaƙ, ya nemi izini ya koma gida. Ya tarar da matarsa tsaye a bakin ƙofa, kishi ya kama shi, ya nufe ta da mashi. Ta ce dakata, shiga ka ga abin da ya fito da ni. Ya shiga ya tarar da ƙaton maciji ya naɗe a kan shimfiɗa. Ya soke shi, ya fito ya kafa mashin a tsakar gida, macijin ya yi ta mutsu-mutsu a kansa. Ba a san wanda ya riga mutuwa ba tsakanin macijin da saurayin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a Madina akwai aljanu da suka musulunta, in an ga irin wannan a gida a yi masa gargaɗi kwana uku. Malamai sun yi saɓani ko hukuncin na Madina ne kaɗai. Kun ga babu hoda, babu haƙora. Sai dai ban kawo shi don a mayar da shi fim ba. Na kawo ne don ku ga gaibu ba abin wasa ba ne.

Anti Nas: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta inda na sani. Ƙarar da ake bugawa ba zato a fim, wadda ke sa mutum ya zabura, jiki ne kawai ke amsawa. Zuciya ta buga, tsoka ta ɗaure, cikin daƙiƙoƙi ya wuce. Ko faranti ne ya faɗi a bayanka haka za ka yi. In aka maimaita, jiki sai ya saba, shi ya sa fim ɗin da ya dogara da ita yake gundura kafin tsakiya. Wanda ke bin ka har kan gado daban ne, ƙwaƙwalwa ce ke ci gaba da neman amsar da ba a ba ta ba.

Kuma akwai abin da mutane da yawa sun ɗanɗana da jikinsu, wato dannau. A lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa na kulle gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci sai ya farka alhali kullen bai sake shi ba. Ido biyu, yana ganin silin, yana jin numfashin na kusa da shi, amma ko yatsa ba ya ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi, ya ji kamar akwai wani tsaye a kusurwar ɗaki. Mai fim da zai ɗauki wannan yadda yake, daga idon wanda ke kwance, ba ya buƙatar ƙari.

Inda nake tare da Malam ɗari bisa ɗari shi ne cutarwa. Muna karɓar yara masu farfaɗiya da aka daɗe ana turara musu hayaƙi, har da waɗanda suka faɗa wuta, alhali akwai maganin da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Fim ɗin da ke nuna duk mai faɗuwa yana kumfa a matsayin mai iska yana da hannu a wannan jinkiri.

Mai Kyamara Ƙofar Kaura: Anti, The Exorcist na 1973 ya bi ta nan. Kafin a kira limamin coci, uwar yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta sai da ta zaga likitoci, aka yi gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa, aka kai ga likitan taɓin hankali. Mai kallo yana biye da ita, ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zo ga maganar shaiɗan ka riga ka yarda an gwada komai. Kuma ɗakin da suka ɗauki fitowar ƙarshe sanyaya shi suka yi da na'ura har tururin bakin 'yan wasa yana fita na gaske. A ƙarshe limaman coci biyu da suka yi aikin fitar da shaiɗanin duk sun rasa ransu. Nasarar ba a banza ta zo ba.

Maman Hanan: Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi ɓata mini rai, wato ƙarshen fim. Sa'a biyu ana wahala, sai minti uku ya rage a shigo da malami da carbi da ruwa a kofi. Ya tofa, aljani ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, a rubuta alhamdulillahi. Tun daga farko ka san haka za a yi, to me za ka ji wa tsoro?

Malam Na-Rafindadi: A nan kam ba zan sassauta ba, 'yata. So kike a nuna an karanta Alƙur'ani bai yi aiki ba? Wannan ba za mu lamunta ba. Ni abin da ke damuna ma shi ne yadda ake ɗora karatu a kan kiɗa, ko a ba ɗan wasan da bai iya Fatiha daidai ba matsayin mai ruƙiyya.

Maman Hanan: Allah ya tsare ni da faɗin haka, Malam. Ba ƙarfin addu'a nake so a rage ba. Raunin mutane nake so a nuna. Duk wanda ya zauna da mai jinya ya san ba a yini ɗaya ake warkewa ba. Akwai gajiya, akwai miji da ya fara janye jiki, akwai dangi da suka rabu biyu, wasu na cewa asibiti wasu na cewa ƙauye. Kuma sau da yawa a cikin gidan akwai wanda ya san tushen abin ya yi gum. Akwai wani fim na Turkiyya, Siccin, na 2014. Mace ce ta ƙwallafa rai a kan ɗan'uwanta mai aure, ta je aka yi wa matarsa sihiri. Musulmi ne kamar mu, gidajensu da kiran sallarsu duk ka san su. Abin da ya hana ni sukuni ba aljanun ba ne. Ita ce, 'yar'uwa ta jini, da fuskarta ta mutunci. Mu da muke da kishi da gado da 'yan'ubanci, a ce mun rasa labari?

Hajiya Babba: 'Ya'yana sannunku da hira. Jikata ce ke karanta mani, na ce ta rubuta mani wannan. Ku ji tsoron Allah kan maganar mayu. Duk fim in za a nuna mayya, sai a samo tsohuwa matalauciya, marar haƙora, mai zaman kaɗaici. A unguwarmu ta dā a cikin birni akwai wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka rasu, ba ta da kowa. Yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, aka taru a ƙofarta a ce sai ta tsallaka shi ta saki kurwarshi. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen ƙuli-ƙulinta, yara na jifar ƙyaurenta. Da baƙin cikin nan ta koma ga Allah. In za ku yi fim, ku yi na wannan. Ku nuna taron nan da ke tsaye a ƙofarta. Ni su nake tsoro.

Abban Sadik: Allah ya jiƙanta, Hajiya, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Wallahi jikina ya yi sanyi. Kuma irin wannan fim zai iya tafiya har ƙarshe ba a faɗa wa mai kallo ko akwai maita ko babu ba, yaron dai yana ta ramewa, gari yana ta harzuƙa.

Ɗan Batsari: Ku gafarce ni, zan fito da wata fuska. Mu da muka baro ƙauye muka dawo cikin Katsina ba don muna so ba, maganar aljani ta yi mana sauƙi. Abin da ke tayar da mu da dare ƙarar babura ce daga nesa, ko haushin karnuka ya yanke gaba ɗaya. Har yau ƙanwata in ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Kowa ya tuna Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Mutumin da ya kwana a gona cikin dawa yana toshe bakin ɗanshi kada ya yi kuka, wane mai hoda ne zai ba shi tsoro?

Anti Nas: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ɗan'uwa. Ƙanwar taka tana buƙatar a duba ta, irin wannan firgici ana jinyarsa. Ka yi mini magana ta gefe.

Mai Kyamara Ƙofar Kaura: Amin. Ɗan Batsari, maganarka ba ta fita daga zancen ba, ita ce ma tsakiyarsa. Akwai Under the Shadow na 2016, da harshen Farisa. Labarin uwa da 'yarta ne a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Mijin an tura shi bakin daga, makamai na faɗowa, maƙwabta na ƙaura ɗaya bayan ɗaya, sai yarinyar ta fara cewa aljani ya ɗauke mata 'yartsana. Ka daɗe ba ka rarrabe ba, aljanin ne ko tashin hankalin yaƙi ne ke cin uwar. Da ya bayyana ma, mayafi ne kawai. Fim ɗin tsoro mai kyau yana hawa ne kan tsoron da mutane ke kwana da shi. Sai dai namu ciwon ɗanye ne, wanda zai taɓa shi sai ya yi da mutunci, ya kuma saurari waɗanda abin ya shafa kafin ya rubuta ko layi ɗaya.

Ɗan Layout: Na ji duka, amma har yanzu akwai kasuwa. Furodusa zai ce in babu waƙa da soyayya ba za a kalla ba. Kuma yawanci a waya ake kallo, da rana, a shago ko a cikin Keke Napep.

Ɗan Daurama: Waƙar nan ita ke yanka fim biyu. An tara maka fargaba, sai ga saurayi da budurwa a lambu sun canja kaya. In an dawo sai a fara daga farko. Indiyawan da muka koya a wurinsu ma sun gwada ajiye ta. Bhoot na 2003 babu waƙa a cikinsa, a gidan bene na haya a Mumbai aka kafa labarin, kuma ya karɓu. Wani abin kuma shi ne fassara. In mai fassara ya cika shirun fim da surutu da barkwanci, ya kashe aikin da aka yi, domin shirun nan da gangan aka bar shi.

Mai Kyamara Ƙofar Kaura: Batun waya gaskiya ne, kuma sai an yi lissafi da shi. Lasifikar waya ba ta fitar da amo mai zurfi, irin gurnanin da ke girgiza ƙirji a silima. Hoto mai duhu sosai kuma a rana baƙi kawai za a gani. Saboda haka sai a koma ga sautin da waya ke iya ɗauka kuma kunnenmu ya sani. Daka a turmi ƙarfe biyun dare. Guga na bugun bangon rijiya alhali kowa na ɗaki. Sallama a zaure da muryar wanda aka yi wa sadakar bakwai. Tsintsiya na shara a tsakar gida, ta tsaya daidai ƙofarka. A naɗi kowanne daban, cikin dare, bayan an kashe janareto. Hasken kuma fitilar ƙwai ɗaya ta isa, ko tocilan waya, in an san inda za a ajiye ta.

Ni dai zan gwada gajere, na minti goma, in sa a YouTube. Mace ɗaya, jaririnta, gidan ƙasa mai rijiya, daren hunturu. Ɗalibar Hausa, ki taimaka da rubutu. Anti Nas ta duba kada mu yi wa cuta ƙarya.

Malam Na-Rafindadi: In kun nace, ga sharaɗina. Kada a ɗora karatu kan kiɗa, kada a nuna boka ya yi nasara, kuma a ga matar tana rufe ƙofa da bisimilla tana karanta Ayatul Kursiyyu kamar yadda kowace uwa ke yi, tun kafin abu ya faru, ba sai an shigo da wani daga waje ba. Ku turo mini rubutun in gani.

Ɗan Layout: Ni kuma ina nan kan bakana, a ƙarshe a nuna wani abu ko hannu ne. In ba haka ba za ku sha zagi a wurin masu sharhi.

Abban Sadik: Hannu ma ya yi yawa a wurina, amma a ɗauki ƙarshen iri biyu a kawo zaure mu zaɓa.

Ɗan Daurama: Gidan kakanmu na nan a Daura, ginin ƙasa ne da zaure biyu da rijiya, sai dai akwai injin niƙa a maƙwabta da ba ya tsayawa sai bayan isha'i. Zan nemi izinin kawuna ranar Juma'a.

Mai Kyamara Ƙofar Kaura: Bayan isha'i ya yi daidai. Wanda ke da abin naɗar sauti mai kyau ya taimaka mana da aro, nawa yana kwasar iska da yawa in ana hunturu.